Damargu: in kilim ɗin mota ya gaza cikin bazara, daga ina za a fara?

Da zaran watan Maris ya kama, garajojin Damagaram sukan cika da motocin a-kori-kura waɗanda masu su ke kuka iri ɗaya: kilim yana hurawa, amma sanyi babu. Mafi yawansu gaz suke cewa a ƙara masu, su biya, su tafi, bayan mako biyu su komo. Alhali kuwa sau da yawa ciwon ba na gaz ba ne. Ga bayanin yadda na'urar take aiki, da abin da ke kashe ta a hanyoyin Tanut da Belbeji, da kuma yadda mai mota zai kare aljihunsa.

Ƙasa mai gwada ƙarfe

Wanda ya bar Damagaram ya nufi arewa bisa hanyar ƙasa mai lamba 11, zai wuce matatar man SORAZ da aka buɗe a shekarar 2011 kusa da Bakin Birji, kafin ya isa Tanut, kimanin kilomita 150 daga babban birnin jiha. Daga nan zuwa Agadas akwai sauran kusan kilomita 300. Wannan hanya wani yanki ce ta babbar hanyar da ta ratsa Sahara daga Aljiyas zuwa Legas. Belbeji kuwa, wadda aka ɗaga ta zama gunduma a 2011 bayan an cire ta daga Tanut, tana yamma, kuma akasarin ƙauyukanta da rugagenta ba a isa gare su sai ta hanyoyin rairayi da gargada.

Shi ya sa a-kori-kura ta zama jakin wannan ƙasa. A da Peugeot 404 da 504, waɗanda ake kira bashe, su ke ɗaukar hatsin Gangara da awakin kasuwannin karkara, kuma ba wanda ke tambayar su sanyi: a sauke gilashi, a naɗa rawani. Yau Toyota Hilux da Land Cruiser sun karɓi aikin, a hannun ƴan kasuwa, da ma'aikatun gwamnati, da asibitoci, da ƙungiyoyin agaji, kuma galibinsu da kilim suke zuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar jin daɗi ce kawai. Cikin Afrilu da Mayu zafin rana a Damargu yakan haura digiri 40 a inuwa, wasu ranakun ya tasam ma 45. Motar da aka aje a rana da gilasai rufe, cikinta na iya kaiwa digiri 60 ko fiye. Direban da ya yi awa huɗu cikin irin wannan zafi, hankalinsa yakan ragu, gyangyaɗi ya kama shi. Macen da naƙuda ta yi wa gardama, aka ɗauko ta daga wani ƙauyen Tarka za a kai ta asibitin Damagaram, in kilim ba ya aiki, zaɓi biyu ke gaban masu rakiyarta: a rufe gilashi ta dahu, ko a buɗe ta sha ƙura.

Kilim ba ya ƙirƙirar sanyi

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, na'urar kwasar zafi take yi daga cikin kabin ta kai shi waje. Mai yin dakon zafin shi ne gaz ɗin da ke kewaya cikin bututai. Wanda aka fi samu cikin motocinmu ana kiransa R134a, kuma in an sake shi a fili yana tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifiri.

Injin mota ne ke juya kwampireso ta hanyar kuruwa. Kwampireso ya matse gaz har ya yi zafi ƙwarai, ya tura shi cikin kwandansa, wato wannan siririn ƙarfe mai kama da radiyato da ke can gaba, bayan hancin mota. Iskar da ke ratsa shi ta kwashe zafin, gaz ya koma ruwa. Ruwan ya bi ta wata ƴar kwalba mai tace datti da tsotse danshi, ya isa wata ƙaramar ƙofa mai matsatsi da makanikai ke kira detandar. Da ya fita daga matsatsin sai ya faɗa cikin ebaporata, wadda ke ɓoye ƙarƙashin allon gaban direba, ya tafasa, ya zuƙe zafin iskar da fanka ke hurawa cikin kabin. Daga nan ya koma wurin kwampireso, zagaye ya sake.

A nan ne wahalar Damargu take. Kwandansa ba ta iya zubar da zafi sai ta fi iskar waje zafi. In iskar waje tana digiri 45, tilas gaz ya kai wajen digiri 60 kafin ya koma ruwa, kuma a wannan zafi matsinsa ya kusa bar 16. In iska ba ta ratsa kwandansa da kyau, matsin ya ci gaba da hawa, sanyi ya ragu, har wani makunni mai tsaron na'urar ya yanke kwampireso in an doshi bar 30. Motar da ke sanyi kamar firiji a watan Janairu tana iya kasawa a watan Mayu ba tare da ta yi asarar ko giram ɗaya na gaz ba.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Kafin a je garaji, a sayi ƙaramin ma'aunin zafi. A tada mota a inuwa, a rufe gilasai, a danna maɓallin da ke sa iskar ciki ta riƙa kewayawa, a ɗan taka totur kamar minti 10, sa'an nan a soka ma'aunin cikin kafar iska ta tsakiya. Lafiyayyen kilim yakan ba da digiri 5 zuwa 10 in gari da dama-dama. Cikin tsakar bazara, in ya ba da 12 ko 15, bai yi laifi ba. Wannan lamba ita ce shaidar mai mota kafin gyara da bayan gyara.

Bayan haka a buɗe kapo a haska kwandansa da tocila. Motar da ke shiga daji bayan damina tana kwasar ƙarangiya, da ƙaiƙayin ciyawa, da audugar tumfafiya, da fari da sauran ƙwari. Mafi muni shi ne abin da ke taruwa a ratar da ke tsakanin kwandansa da radiyato, inda ido ba ya kaiwa: wani lokaci sai a tarar da shi ya zama kamar tabarma. A wanke da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba in da hali. Ruwan injin wanki mai tsananin ƙarfi yana lanƙwasa siraran fikafikan ƙarfen, garin gyaran gira a rasa ido. A kuma duba abin da aka ɗaura gaban mota. Manyan fitilu, da ƙarfen kare karo, da ragar da wasu ke sa wa saboda ciyawa, duk suna tare iska.

Na biyu, fankar injin. A yawancin Hilux da Land Cruiser masu shan gazuwal, fankar tana bisa wani kai mai man silikon a ciki, wanda ke kama ta da ƙarfi in injin ya yi zafi. In man ya tsiyaye, fankar tana juyawa a ido, amma ba ta jan iska. Alamarsa sananniya ce: kilim yana sanyi bisa kwalta in ana gudu, amma da an shiga rairayi ana tafiya da giya ta biyu, ko an tsaya a shingen jandarma, sai ya koma hura zafi. Gwajin ba wuya. Bayan doguwar tafiya a kashe injin, a cire makulli, a juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka ba turjiya, kan ya mutu. Ana iya sake masa mai, ana kuma iya canza shi. Motar da ke da fankar lantarki gaban kwandansa, a tabbata tana tashi in an kunna kilim. In ba ta tashi, a duba fis da rele kafin a zargi fankar.

Na uku, kuruwa. In ta saki, takan yi ƙara lokacin da aka kunna kilim, kuma kwampireso ba ya samun cikakken juyi. In ta tsattsage ko ta yi santsi tana ƙyalli, lokacinta ya yi.

Na huɗu, ƙarfin iskar da ke fitowa. In iskar da sanyi amma ba ta da ƙarfi ko an kai fanka ƙarshe, hanya ce ta toshe. Motocin zamani suna da matacin iska bayan akwatin da ke gaban fasinja, kuma hunturu guda ya isa ya cika shi da ƙura. Tsofaffin motoci da yawa ba su da shi sam, saboda haka ƙurar kai tsaye take zuwa bisa ebaporata, ta haɗu da danshi ta zama laka. Wannan sai an kwance an wanke.

Abin da alamu ke faɗa

Akwai bututai biyu da ke ratsa bangon da ke tsakanin injin da kabin, ɗaya mai kauri, ɗaya siriri. In kilim yana aiki daidai, mai kaurin zai yi sanyi ƙarara a hannu, siririn kuma ɗumi. In mai kaurin ya yi sanyi amma iskar ciki ba sanyi, to gaz ba shi da laifi: zafin na'urar ɗumama kabin ne ke gauraya da sanyin, domin ƴar ƙofar da ke raba su ba ta rufuwa sosai. Wasu makanikai sukan cire bututun ruwan zafin ɗungum. Ya fi kyau a sa masa famfon rufewa, don wanda ya taɓa tafiyar asuba tsakanin Tanut da Agadas a watan Disamba ya san amfanin ɗumi.

In kilim yana aiki da safe, da rana ta take ya yanke, a leƙa gaban kwampireso. Akwai faifan da maganaɗisun lantarki ke jawowa ya kama. Ratar da ke tsakaninsa da abin da kuruwa ke juyawa wajen rabin milimita ce. In ta buɗe saboda cin ƙarfe, maganaɗisun ba ya iya jan faifan in ya yi zafi. Cire ƴar wasa guda daga bayansa yakan warkar da ciwon da wani zai ce sai an sayi sabon kwampireso.

In kuwa an fara tafiya da sanyi mai kyau, bayan awa guda iskar ta riƙa raguwa, aka kashe kilim ƴan mintoci ta dawo, ƙanƙara ce ta toshe ebaporata, kuma ƴar na'urar da ke auna sanyinta ake tuhuma. In ƙarfin iskar bai ragu ba amma sanyin na zuwa yana ɗaukewa, mai yiwuwa danshi ne ya shiga cikin bututai yana daskarewa a bakin detandar. Game da ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota, rashinsa a bazara ba alamar ciwo ba ne, tun da iskar Damargu a lokacin busassa ce. Cikin damina ne ya kamata a gan shi. In ba a gan shi ba, ko aka ga shimfiɗar ƙafar fasinja ta jiƙe, bututun zubar da shi ya toshe.

Maganar gaz

Gaz ba ya ƙonewa kamar gazuwal. In ya ragu, wani wuri ya bi ya fita, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gargadar hanya tana girgiza bututan alminiyom har su tsage a inda aka ɗaure su, tsakuwa tana huda kwandansa, zafi yana busar da zobban roba na mahaɗai. A nan ƙurarmu tana da rana: gaz yana fita tare da ɗan mai, ƙura ta manne a wurin, sai a ga baƙin tabo mai maiƙo. Duk inda aka ga wannan tabo a jikin bututu, a shafa ruwan sabulu a jira kumfa. Garajin kirki yana gwada yoyo da iskar azot. Kada a yarda kowa ya hura iskar oksijin ta masu walda cikin kilim, domin haɗuwarta da mai cikin matsi fashewa ce.

Bayan an toshe yoyo, aikin yana da ƙa'ida. In bututai sun daɗe a buɗe, a canza kwalbar tsotse danshi. A ɗaura injin zuƙe iska na aƙalla minti 30, a rufe, a ga ko allurar agogon za ta motsa. Sa'an nan a zuba gaz bisa sikeli. Adadin yana rubuce a wata ƴar takarda ƙarƙashin kapo, kuma a irin waɗannan motoci bai cika kai kilo guda ba. Wanda ke zuba gaz da ka, yana taɓa bututu yana cewa a ƙara kaɗan, caca yake yi da kwampireson wani. Gaz in ya yi yawa, matsi ya hau, sanyi ya ragu, kamar dai in ya yi kaɗan. A agogon makanike, ɓangaren ƙaramin matsi yakan tsaya wajen bar 2 zuwa 3, na babban matsi kuma daga 14 zuwa 20 gwargwadon zafin gari.

In kwampireso ya ci kansa har ya watsa garin ƙarfe cikin bututai, sa sabo kawai ɓarnar kuɗi ce. Sai an wanke bututai, an canza kwalba da detandar, sau da yawa har da kwandansa, domin ƙananan ramukan kwandansar zamani ba su wankuwa. Wanda zai aika a sayo masa kayan gyara daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya ba da lambar da ke jikin tsohon, kada ya tsaya ga sunan mota kawai.

Hattara da gaz na jabu

Tsofaffin motoci da R12 suke aiki, wanda ake kira Freon. An gano yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga mugun hasken rana, shi ya sa yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta yanke masa hukunci: ƙasashe masu arziki sun daina yin sa a 1996, ƙasashe masu tasowa aka ba su har 2010. Tun wajen 1994 masu ƙera motoci suka koma R134a. Gaz ɗin biyu ba su gauraya, mansu ma ba ɗaya ba ne, kuma da gangan aka bambanta bakin da ake zuba su.

Shi ma R134a kwanansa ƙidayayye ne, domin kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya kamar kilo 1.430 na iskar kabon. A watan Oktoba na 2016, a Kigali ta ƙasar Ruwanda, aka amince a rage irinsa sannu a hankali, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka karɓi wannan gyara. A Turai, tun 2017 sababbin ƙananan motoci ba su fitowa da shi. Mafi yawansu da R1234yf suke zuwa. Saboda haka duk wanda ya sayi motar hannu, ya karanta takardar ƙarƙashin kapo kafin a zuba mata kome.

Inda kaya ke tsada, ƴan jabu ba su nisa. A 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil, mutum uku suka rasa rayukansu. Bincike ya nuna an zuba masu gaz na jabu mai ɗauke da wani sinadari da ake kira R40, wanda ke cin alminiyom ya haifar da abin da ke kama wuta da ya haɗu da iska. Kwampireson mota da bututansa da alminiyom aka yi su. Haka kuma R22 na kilim ɗin ɗaki matsinsa ya fi ƙarfin bututan mota, iskar girki kuwa tana sanyi amma tana kama wuta, kuma ebaporata tana daidai gwiwar fasinja. Araha ba ta ado. Mai mota yana da haƙƙin ya ga tulun da ake zuba masa gaz daga ciki, ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa.

Dabarun ƙara sanyi

Rabin aikin kilim shi ne yaƙi da zafin da aka bari ya shiga. Inuwar bedi ko ta rumfa, da kwali ko tabarma bisa gilashin gaba in an aje mota, suna rage wa na'urar wahala. In za a tashi, a sauke gilasai a yi tafiyar minti biyu ko uku zafin ya fita, kana a rufe a sa iskar ciki ta kewaya. Sanyaya iskar da ta riga ta yi sanyi ya fi sauƙi bisa jawo ta digiri 45 daga waje, kuma ƙura ba ta shiga. Sai dai a doguwar tafiya, musamman in kabin mai ƙofa huɗu ya cika da mutane, a riƙa shigo da iskar waje lokaci-lokaci, don numfashin da ya taru yana kawo barci.

Wanda aikinsa na cikin rairayi ne yana iya sa a ƙara masa fankar lantarki gaban kwandansa, da rele da fis nata na kanta. A mayar da soson da ke toshe gefunan kwandansa in ya zube, don iska ta ratsa ta ciki maimakon ta kewaye. A shimfiɗa abin tare zafi ƙarƙashin kafet, wajen da salansa da akwatin giya suke, a kuma canza robar ƙofofi in ta mutu. Wajen saye, farar mota ta fi baƙa sauƙin sanyaya. Baƙin gilashi kuwa, a tuntuɓi hukumar ƴan sanda kafin a liƙa shi. Ko cikin hunturu a riƙa kunna kilim minti 10 kowane mako, domin mai ya zagaya, robobi kada su bushe. A kan tudun rairayi da kaya niƙi-niƙi, ido na bisa allurar zafin injin: in ta fara hawa, a kashe kilim, don kwampireso ya fi injin araha.

Abu biyu ba su da sassauci. Ba a barin yaro cikin rufaffiyar mota ko na ɗan lokaci, kuma ba a kwana cikin mota da injin a kunne, saboda hayaƙin salansa yana kisa ba tare da wari ba. Ma'aikatan lafiya kuma sun sani kilim ba firiji ba ne: akasarin alluran rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 ake aje su, wurinsu akwatin sanyi.

Ga masu riƙe da motocin hukuma

Motar ma'aikata dukiyar jama'a ce, kuma kuɗin da ake zuba mata gaz sau uku a bazara guda daga baitulmali yake fita. Shugaban ma'aikata a Tanut ko Belbeji yana iya tsayar da wannan ɓarna da littafin mota: ranar gyara, irin gaz, giram nawa, wurin da aka tarar da yoyo, da lambar da ma'aunin zafi ya nuna kafin aiki da bayansa. Takardar biyan kuɗin da ta ce an ƙara gaz ba ta faɗi inda ya bi ya fita ba, a mayar da ita. Lokacin duba kilim kuwa watan Fabrairu ne, sa'ad da garaji ba cunkoso kuma makanike yana da sukunin kwance kwandansa ya wanke. Wanda ya jira sai Afrilu, layi zai tarar, ya kuma biya farashin mai gaggawa.